Ku daina kashe damo da ƙundun kaza

1/
Jiya da daddare na sake cin karo da irin bidiyon nan a TikTok. Wani Bature a kicin, ya yanko tsokar ƙirjin kaza fara tas, ya miƙa wa damo da hantsaki. Damo ya cafke ya haɗiye, an ɗora kiɗa, jama'a na ta zuba alamar zuciya. Ni kam raina ne ya ɓaci har barci ya gagare ni. Maganar za ta yi tsawo, mai ƙaramin data ya yi haƙuri.

2/
Kafin wani ya ce waye wannan kuma: ɗalibi ne ni, aji huɗu, likitancin dabbobi. Ban gama ba, don haka kar a kira ni Dakta tukuna. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne akwai damon da ya mutu a ɗakinmu bara, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

3/
Ga wanda bai sani ba, a Amurka da Ingila da Jamus ajiye maciji ko ƙadangare a gida kamar kiwon tattabara ne a wurinmu. Akwai shaguna na musamman, akwai manyan kasuwannin baje koli, irin wadda ake ci a garin Hamm na Jamus. Kuɗi ne masu kauri ke yawo a harkar.

4/
Biyu daga cikin dabbobin da ake rububi a can kuwa daga Afirka ta Yamma suke fita: damo, da ƙaramar mesar nan da in ta tsorata take dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Ghana, Togo da Benin ne manyan masu fitar da su. Mesar kaɗai an yi lodin miliyoyinta zuwa waje tun daga shekarun 1970. Dukansu suna jeri na biyu a yarjejeniyar CITES, wato sai da takardar izini ake ƙetare iyaka da su.

5/
Kun ga ke nan kayanmu ne ya tafi can, ya dawo mana ta waya a matsayin gayu. Yanzu na fara ganin samarinmu suna ɗora hoto da mesa a wuya ko damo a kafaɗa. Ban hana kowa gayu ba. Amma mun kwaso gayun tare da kuskuren da su kansu likitocin dabbobi na can suka daɗe suna ihu a kai.

6/
To ga labarin. Bara da damina abokin ɗakina ya dawo da ɗan damo a cikin kwali. Yara ne suka kamo shi a gona, ya ba su ɗan abin da ya sawwaƙa. Tsawonsa bai fi taƙi guda ba. Ya samo tsohon akwatin gilashi na kifi wurin wani, ya zuba yashi, ya sa masa suna Ciyaman. Dalili? Wai ba ya aikin komai sai ci da kwanciya.

7/
Mutumina fa ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. Da a ce mugu ne da maganar ta yi sauƙi. Son dabbar nan yake yi kamar ransa. Shi zai sha gari da ƙuli, amma Ciyaman sai ƙundu da zuciya da tsoka daga wurin masu figar kaji. Ba ya sayen kai da ƙafa, wai wannan abincin talakawa ne.

8/
Kuma sai ya zauna da reza yana zare duk wani ɗan ƙashi, don kar ya maƙale wa Ciyaman a wuya. Wallahi ina zaune a gefe ina kallo. Sau da yawa ma ni nake biyawa kasuwa in sayo masa in na taso daga lakca. Mai figar har ya san ni, da ya hango ni sai ya ce, "Ɗan makaranta, na mai gidan ne?"

9/
Wata uku na farko abin gwanin sha'awa. Ya yi girma, ya yi tumbi, wutsiya ta cika. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ce kai, wannan yana samun kulawa.

10/
A wata na biyar muka lura ya daina ɗaga cikinsa daga ƙasa in yana tafiya, sai jan jiki. Yatsunsa suka fara karkarwa su kaɗai. Ƙafafun baya suka kumbura, muka ɗauka ƙiba ce. Ran nan abokina ya miƙa masa nama, ya kai cafka, naman ya zame ya faɗi. Bakin ya daina rufuwa daidai.

11/
Muka kai shi wurin wani malaminmu. Ya sa yatsa ya ɗan danna muƙamuƙin, ya lanƙwashe kamar robar silifa. Ya tambayi me ake ba shi. Abokina ya lissafa da alfahari. Malam bai ko kalle shi ba, ni ya juyo ya kalla. "Shi dai ba fanninsa ba ne. Kai fa? Ba ka zauna a ajina ba?" Na ce, "Na zauna, Malam." Ban sake cewa uffan ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

12/
An ɗauki hoton ƙashinsa. Ƙasusuwan sun yi dishi-dishi, da ƙyar kake bambance su da nama. An ba shi kalsiyam, aka ce mu riƙa fito da shi rana. Mun yi. Bai kai sati uku ba muka tashi da safe muka tarar ya sandare.

13/
Abin da ya kashe shi lissafi ne mai sauƙi wanda na rubuta a jarrabawa har na ci maki. Jiki yana buƙatar kalsiyam da fosforas a kan wani ma'auni. Ga yawancin waɗannan dabbobi ana son kalsiyam ya kai fosforas ko ya fi shi, har zuwa ninki biyu, musamman ga mai tasowa.

14/
Yanzu ɗauki giram 100 na tsokar ƙirjin kaza ɗanya. Kalsiyam ɗin ciki bai kai miligiram 15 ba. Fosforas kuwa wajen 200. Ƙundu da zuciya duk kusan tafiyar ɗaya ce, hanta ma ta fi muni. Ma'aunin da ake so 2 da 1 ya koma wajen 1 da 15 ko 1 da 20. An kifa shi gaba ɗaya.

15/
Jiki kuma ba ya yarda kalsiyam ya yi ƙasa a jini, don da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. In bai zo ta abinci ba, akwai wasu ƙananan ƙulluttai a wajen wuya da ke sakin sinadarin da zai je ya kwaso shi daga ƙashi. Kullum ana ɗiba ba a mayarwa. Kamar mai zare bulo daga katangar gidansa yana gyara ɗaki, wata rana katangar za ta zauna.

16/
Shi ne muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafa ta karye ba tare da an faɗi ba, gadon baya ya karkace, jiki ya riƙa rawa. Macen da ke ɗauke da ƙwai kan kasa saka shi. Wani ma duburarsa ce za ta zazzago. Duk likitan da ke duba ƙadangarun gida a Turai da Amurka ya san ciwon nan kamar yunwar cikinsa, don yana cikin waɗanda aka fi kawo musu.

17/
Ga ƙarin abin haushi. Kafin hanji ya iya tsotsar kalsiyam sai da bitamin D3, shi kuma fatar ƙadangare ce ke haɗa shi in hasken rana na UVB ya taɓa ta. Wannan hasken ba ya ratsa gilashin taga. Bature na kashe kuɗi yana sayen fitila ta musamman don ya kwaikwayi ranar ƙasarmu. Mu da Allah Ya ba mu ita kyauta har tana ƙona mu, muka kulle Ciyaman a ɗaki bayan labule wata biyar.

18/
Wai shin me damo ke ci a daji ma? Wani mai bincike ɗan Birtaniya, Daniel Bennett, ya bi su a filayen Ghana a shekarun 1990 yana duba abin da ke cikinsu. Abin da ya fi samu: gyare, fara, ƙadandoniya, buzuzu da tsutsotsinsa, kunama, dodon koɗi. Ƙwari ne abincinsa. Tambayi duk wanda ya tashi a ƙauye, zai faɗa maka haka ba tare da ya buɗe littafi ba.

19/
Kuma damon daji da damina yake cika cikinsa. Rani na shigowa sai ya shige rami ko kogon itace ya lafe, watanni yana rayuwa da kitsen da ya tara. Jikinsa an gina shi ne a kan tari da azumi. Kai kuma ka ajiye shi a akwatin da ko juyawa da ƙyar yake yi, kana ɗura masa fatar kajin gidan gona mai maiƙo wata goma sha biyu a shekara. Kitse ya lulluɓe hanta, ƙoda ta gaji. Tumbin da muke yaba wa Ciyaman ciwo ne muke tafa wa.

20/
Don kar a ce na ɓoye: su ma ƙwarin da ake kiwo, irin su gyare da kyankyaso, kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Shi ya sa masu abin da gaske suke fara ciyar da ƙwarin da ganye mai kyau, sannan su barbaɗa musu garin kalsiyam kafin su miƙa. A daji ƙadandoniya da dodon koɗi ne ke cike wannan giɓin.

21/
Mu koma kan maciji, don a nan ne aka fi yi mini gardama. "Ai maciji nama yake ci, kaza kuma nama ce." Ɗan uwa, ka taɓa ganin mesa ta fige tsuntsu, ta cire ƙirji ta ci, ta bar saura? Ba ta da haƙorin yanka, ba ta tauna. Dungurungum take haɗiyewa: gashi, fata, ƙashi, ɓargo, ƙwaƙwalwa, hanta, hanji da abin da ke cikin hanjin.

22/
Kowanne da aikinsa. Ƙashi ya ba da kalsiyam. Hanta ta ba da bitamin A daidai kima, don hantar ɓera guda ba ta da yawa. Sauran kayan ciki su ba da nasu. Gashin ma yana taimaka wa kashi ya haɗu ya fita. Dabba guda cikakkiya kamar kwanon abinci ne da aka riga aka auna komai.

23/
In kana son ka san yadda cikin mesa ya shirya wa wannan aiki, nemi binciken Stephen Secor da Jared Diamond a kan mesar Burma tun shekarun 1990. Tana zaune da yunwa cikinta kamar an kashe inji. Tana haɗiye abu sai ruwan tumbinta ya koma asid mai ƙarfi, hanjinta ya kumbura ya kusa ninkawa, ƙarfin da jikinta ke ƙonawa ya haura har wajen ninki 40 in abincin babba ne. Cikin 'yan kwanaki ƙashi ya narke ƙurmus.

24/
A 2025 ma wasu masu bincike a Jami'ar Montpellier ta Faransa sun ba da rahoton wasu ƙwayoyin halitta na musamman a hanjin wannan mesa, aikinsu shi ne sarrafa kalsiyam da fosforas ɗin da ke fitowa daga ƙashin da ta narkar. Dabbar da aka yi wa kayan aiki na musamman don cin ƙashi, ita ce kake zare wa ƙashi don tausayi.

25/
Wani zai ce ai a daji ma mesa na cin tsuntsu. Gaskiya ne, kuma a Najeriya ma aka tabbatar. Luca Luiselli da Francesco Angelici sun wallafa bincike a 1998 daga kudu maso gabashin ƙasar nan: mazan ƙaramar mesar nan sun fi hawa bishiya suna cin tsuntsaye, matan sun fi cin ɓeraye da makamantansu. Don haka ba ni da rigima da tsuntsu. Rigimata da gunduwa-gunduwa ce. A nan kam karin maganar nan ta a bar kaza cikin gashinta ta zauna daram, har da ma'anarta ta zahiri.

26/
"To wuyan kaza fa? Ai da ƙashi." Eh, ya fi tsoka zalla, na yarda. Amma wuya ƙashi ne da fata da ɗan nama, babu hanta, babu sauran kayan ciki. Ƙafa kuwa ƙashi ne da jijiya da fata, kusan ba komai. Ka toshe rami ɗaya ka buɗe wani. Sau ɗaya a wani lokaci, ga babban maciji mai lafiya, ba zai mutu ba. A mayar da shi abincin kullum ne matsalar.

27/
Masu cewa to bari mu ƙara hanta da yawa, ku tsaya. Hanta cike take da bitamin A, shi kuma ba ya fita ta fitsari, taruwa yake a jiki. In ya yi yawa fata ta kumbura ta riƙa saɓulewa. Masu ɗura wa damo da guza ɗanyen ƙwai kullum, a cikin farin ƙwai akwai wani sinadari da ke ƙulle bitamin ɗin da ake kira biyotin ya hana jiki amfana da shi.

28/
Akwai 'yan boko irina da za su kawo zancen gidan namun daji na San Diego, wai ai su ma niƙaƙƙen naman talotalo suke ba wa dangin damo. Haka ne, akwai wannan haɗin. Amma ka karanta har ƙarshe mana: ana zuba masa garin ƙashi da bitamin a kan awo. Mutanen da ke da sikeli da likita da ɗakin gwaji ne suka haɗa. Kai ka ɗauki rabin farko ka bar rabin da ke ceton rai.

29/
Wanda ya fi ba ni dariya mai ciwo shi ne, "Nawa shekara guda ke nan yana cin kaza kuma garau yake." Ƙaramar mesar nan tana yin shekara 20 zuwa 30 in an kula da ita. A gidan namun daji na St. Louis a Amurka akwai wadda ta saka ƙwai a 2020 tana da shekara wajen 62. Shekararka guda me ta nuna? Ko mai shan taba garau yake a shekarar farko.

30/
Nan ne asalin abin da ke ci mini rai. Kare in yana ciwo zai yi kuka. Kyanwa za ta dame ka. Akuya ma za ta tara maka unguwa. Maciji da ƙadangare ba su da wannan. A daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka, don haka ɓoye ciwo ɗabi'arsu ce. Kafin idonka ya gani, aikin gama ya gama.

31/
Hausawa suka ce damo sarkin haƙuri. Mun ɗauka yabo ne kawai. Haƙurin nan ne ya sa Ciyaman ya yi wata biyar ƙashinsa na zagwanyewa, mu kuma muna ɗaukarsa hoto.

32/
Ga masu sauran ƙadangarun da ake shigowa da su, a gurguje. Koren iguwana na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ganye yake ci, nama lalata masa ƙoda yake yi. Ƙadangaren Ostareliya mai gemu ƙwari da ganye. Tsaka mai ɗige-ɗige ta wajen Pakistan da Afganistan ƙwari zalla. Don ka miƙa ya karɓa ba hujja ba ce. Yaro ma in ka ba shi alewa safe da yamma zai karɓa.

33/
Mu bar dabbar, mu zo kanka. Ɗanyar kaza na ɗauke da ƙwayar Salmonela sau da yawa. Maciji da ƙadangare su ma suna ɗauke da ita a hanjinsu ba tare da sun yi ciwo ba, suna fitar da ita a kashi. Ka haɗa biyun a ɗaki ɗaya, wuƙa ɗaya, bokiti ɗaya, da kwanon da za a jiƙa gari an jima.

34/
Amurka ba wasa ta ɗauki abin ba. Tun 1975 hukumar FDA ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba, saboda yaran da ke kamuwa. Hukumar CDC kuma na ba da shawarar kar a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5. Mu nan sai a ɗora wa jariri mesa a cinya a yi bidiyo.

35/
Kuma firiza ba ta kashe Salmonela, kwantar da ita kawai take yi. Balle firizarmu. A ɗauke wuta nama ya saki, a kawo ya daskare, a sake ɗaukewa. Kai in za ka ci sai ka tafasa ka soya. Shi ɗanye zai haɗiya, ya zauna a cikinsa kwanaki. In naman ya fara lalacewa, ko wurin ya yi sanyi lokacin hunturu, sai ya amayo shi. Wanda ya taɓa shaƙar warin aman maciji ba ya neman ƙarin bayani.

36/
Masu sayen mushen kaji da araha daga gona don "ai dabba ce za ta ci", ku ne kuka fi ba ni tsoro. Ba ka san me ya kashe kazar ba, ba ka san wane magani aka ɗura mata jiya ba, kuma da hannunka za ka yanka ta. Murar tsuntsaye ta H5N1 a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, a 2006. Ba tatsuniyar wata ƙasa ba ce.

37/
Na san me ke tafe: "To shi ke nan, zan riƙa kama masa ɓeran gida." A'a, don Allah. Na farko, ba ka san ko ya ci shinkafar ɓera a maƙwabta ba, gubar kuma za ta wuce cikin macijin. Na biyu, zazzaɓin Lassa. An gano shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke yawo tsakanin gida da gona ne ke ɗauke da shi. Kar garin neman gira a rasa ido.

38/
Abin mamaki, irin wannan ɓeran ne Turawa ke kiwo a keji, tsatso bayan tsatso, suna ba wa mesar da ta ƙi cin abinci, don shi ta sani a gida. Bambancin nasu a keji aka haife shi, naka daga bayan buhun masara ya fito.

39/
To me za a ba su? Maciji: dabba cikakkiya wadda aka kiwata don haka. Farin ɓera irin na ɗakin gwaji, 'yan tsaki, salwa in macijin ya girma. Kaurin abincin kar ya wuce wurin da ya fi kauri a jikinsa sosai. A ba shi matacce, don ɓera mai rai na iya gatsa wa maciji cizo har ya yi masa illa. A miƙa da dogon hantsaki, hannun da ke warin kaza abinci ne a wurinsa.

40/
'Yan tsakin kwana ɗaya sun fi sauƙin samu a wurinmu, musamman zakarun da masu ƙyanƙyasa ke sayarwa da araha. Sun fi gunduwar kaza nesa ba kusa ba. Amma ƙashinsu bai gama ƙwari ba, ga gwaiduwa a ciki da ke sa kashi ya yi ruwa ya yi wari. A riƙa sauyawa da ɓera.

41/
Damo kuwa: ƙwari iri-iri daga wurin da ba a yi feshi ba, garin kalsiyam, wuri mai faɗi da ƙasa mai zurfi da zai haƙa rami, rana ta gaske da inuwar da zai gudu in ta yi zafi. Kar a bar shi cikin akwatin gilashi a rana, dafa shi za ka yi. In ka karanta wannan ka ce kai, wannan ai aiki ne, to ka fara fahimta.

42/
In ka ce kana ƙyamar ɓera, ba za ka iya ajiye shi a firiza kusa da naman miya ba, Hajiya ma ba za ta yarda ba, wallahi na fahimce ka. Ni ma tawa ba za ta yarda ba. Amma amsar ita ce kar ka ajiye maciji. Ƙyamarka ba ta canja yadda aka halicci cikinsa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

43/
Sai 'yan "mutane na fama da yunwa kana zancen ƙadangare". Na ji. Ni ma na san farashin mudun shinkafa, ɗalibi ne ni. Amma ba wanda ya sa wa kowa wuƙa a wuya ya ce sai ya sayi damo. Yana dajinsa yana cin ƙadandoniyarsa kyauta. Kai ka ɗauko shi ka rufe. Daga ranar, duk abin da ya shiga cikinsa da wanda bai shiga ba, a wuyanka yake.

44/
Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san labarin matar nan da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Ni ba malami ba ne, ba na yanke wa kowa hukunci. Na dai san ranar da muka haƙa rami bayan ɗaki muka binne Ciyaman, labarin nan ne ya riƙa yi mini yawo a ka. Mu mun ciyar, har da ƙundu. Amma mun hana shi abin da zai nema wa kansa da mun bar shi.

45/
Masu yin bidiyon ma ina da magana da su. Ana nuna sakan goma sha biyar na cafka da haɗiya don shi ke kawo masu kallo. Ba mai dawowa bayan wata takwas ya nuna muƙamuƙin da ya lanƙwashe. Dabbar ta mutu, a sayi wata mai kama da ita, a ci gaba. Damo na da araha a kasuwarsu saboda daga dajinmu ake kwasowa, kuma arahar ce ke sa ba a jin zafin asararsa.

46/
Wanda ya riga ya ajiye, kuma ya ga alamun da na lissafa, rawar yatsu, jan ciki, baki mai laushi, kar ya tsaya tambayar intanet. A nemi likitan dabbobi yau. In an kama da wuri ana iya tsayar da ciwon, ko da ƙashin da ya karkace ba zai miƙe ba. Kar kuma a je a yar da maras lafiya a daji a ce an 'yanta shi, ko wanda ba ɗan ƙasar nan ba.

47/
Satin da ya wuce abokin nawa ya nuna mini hoto a wayarsa. Wani ne ke sayar da ƙaramar mesa, wai har da ragi. Ya ce, "Mutumina, wannan karon zan yi daidai." Na ce to, a ina za ka riƙa samun ɓera duk bayan kwana goma, har shekara ashirin? Wa zai riƙe ta in ka tafi bautar ƙasa? Wace firiza, da wace wutar?

48/
Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Akwatin gilashin na nan ƙarƙashin gadonsa, takalma ya zuba a ciki.